Awon shigar sinadari cikin fata: kwamfuta, labo ko jikin mutum, wanne ya dace da mai haɗa man shafawa a Damagaram?

Ƙanwata tana haɗa man shafawa da sabulu a gida nan Zango, yau shekara ta huɗu kenan. Man kaɗe, man riɗi, ɗan man aduwa, kakin zuma, turare, sai wani sinadari da take zubawa a kirem mai ruwa-ruwa dan kar ya yi fumfuna. Alhamdulillahi kayanta sun karɓu, har wata baiwar Allah mai kai kaya Faransa ta ce tana so da yawa amma fa sai da takardu. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta shigo ta miƙo min waya ta ce "Yaya dan Allah duba min wannan, wai suna tambayar kashi nawa na sinadarin yake ratsa fata ya shiga jini. Ni dai na shafa, Inna ta shafa, maƙwabta sun shafa, ba wanda ya yi ko ƙurji ɗaya, to me kuma suke nema?" Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a lise, dan haka ni ake kawo wa irin wannan. Sati uku na yi ina bin maganar da daddare, kuma abin da na fahimta nake so in baje wa duk mai wannan sana'a, saboda kuna da yawa a garin nan kuma kayanku jikin iyayenmu da jariranmu suke hawa.

Abu na farko da na ce mata shi ne ƙurji daban, shiga jini daban. Abu zai iya kwanciya lafiya lau a fata, ba ƙaiƙayi ba zafi, amma yana ratsawa a hankali yana zuwa hanta ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa. A 1972 a Faransa an yi masifar hodar jarirai ta Morhange, aka yi kuskure wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna hexachlorophène ya shiga cikin hodar har wajen kashi 6 cikin ɗari, iyaye suna barbaɗa wa yara a ƙugu a rufe da ƙyalle, jarirai 36 suka rasu. Ba sha suka yi ba, ta fata ya bi. Shi ya sa can suke tsananta wannan tambaya, kuma wallahi suna da gaskiya.

Kafin a zo ga hanyoyin sai an gane yadda fatar take. Abin da ke tsare mu ba duk kaurin fatar ba ne, wani siririn ɓawo ne a can sama, matattun ƙwayoyin halitta jere hawa 15 zuwa 20, kaurinsa duka bai wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba, wato silin gashin kai ya fi shi kauri nesa. Ki tuna ginin ƙasa irin na cikin Birni, tubali a jere da kwaɓi a tsakaninsu. Matattun ƙwayoyin su ne tubalin, kwaɓin kuma wani irin kitse ne. Yawancin sinadarai ba sa fasa tubalin, ta cikin kwaɓin suke kewayawa. To tunda kwaɓin kitse ne, abin da ke narkewa a mai ya fi samun hanya, amma da ya wuce ɓawon sai ya tarar da nama mai rai wanda ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, dan haka abin da ba ya son komai sai mai sai ya maƙale a sama ya kasa gaba. Wanda ya fi saurin wucewa shi ne ƙarami mai ɗan son mai da ɗan son ruwa. Ana auna wannan son da wata lamba da ake kira log P, idan tana tsakanin 1 da 3 to a kula sosai. Girma kuma ana auna shi da dalton, a shekarar 2000 wasu masana biyu, Bos da Meinardi, suka nuna cewa abin da ya haura dalton 500 da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. Man kaɗe kansa ƙwayoyinsa sun kusa dalton 900, shi ya sa ba shi ne abin tsoro ba. Abin dubawa su ne ƙananan da ake ƙara masa: turare, maganin fumfuna, kala, da masu sa haske.

Hanyar da ta fi araha ita ce lissafi, ko dai da biro ko da kwamfuta. A 1990 wani masani Flynn ya tattara sakamakon awon sinadarai sama da 90 a fatar mutum, a 1992 kuma Potts da Guy suka fitar da ɗan lissafi daga ciki wanda har gobe da shi ake farawa. Abu biyu kawai yake buƙata, log P da nauyin ƙwayar, kuma dukkansu ana samunsu kyauta a shafin intanet na bayanan sinadarai mai suna PubChem ko da waya ce a hannunki. Ki ninka log P da 0.71, ki ninka nauyin da 0.0061, ki cire na biyu daga na farko, sannan ki ƙara cire 2.7. Lambar da ta fito tana nuna saurin ratsawa, kuma duk bambancin 1 a tsakanin lambobi biyu yana nufin ninki goma. Na zauna da ita a tabarma muka gwada. Kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da shayi, nauyinsa 194, log P ɗinsa kusan sifili, ya ba mu kusan -4. Idrokinon, wanda ake rubuta hydroquinone a jikin kwalin mayukan bilicin, nauyinsa 110, log P wajen 0.6, ya ba mu kusan -3. Ta yi shiru tana kallon takardar sannan ta ce "Yaya kenan ya ninka na goro sau goma?" Na ce a wannan lissafin, ƙwarai kuwa. Wanda ba ya son biro akwai manhajar kwamfuta mai suna DERMWIN a cikin EPI Suite na hukumar kare muhalli ta Amurka, akwai kuma IH SkinPerm da ke aiki a Excel, duka kyauta ne, matsalar dai da Turancin Ingilishi suke, mu kuma Faransanci muka yi a lekol, sai ka nemi mai taimaka maka da farko.

Amma fa a san iyakarsa. Su kansu masu lissafin ba su ɓoye ba, kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin sinadaran kawai yake iya bayyanawa, saura ɗayan yana nan a duhu, kuma ba abin mamaki ba ne amsar ta kauce wa gaskiya da ninki goma sama ko ƙasa. Babbar matsalar da ta fi damuna ita ce bayanan da aka gina shi a kai an same su ne da sinadari narke a cikin ruwa, an zuba da yawa a kan fata ba ya ƙarewa. Ke kuma ba ruwa kike sayarwa ba, kirem ne, ana shafa shi siriri, wani ɓangare ya bushe, wani ya bi zani, wani ya bi gumi. Sannan abin da kika haɗa shi da shi yana canza komai: alkol na turare da propylène glycol suna buɗe hanya, haka ma wani asid da mai ke saki idan ya daɗe a zafi har ya fara canza wari. Lissafin bai san duk wannan ba. Bai kuma dace da ƙarafa irin su dalma da zaiba ba, bai dace da abu mai caji irin gishiri ba, kuma ba ya iya komai da ruwan saiwa ko garin ganye wanda sinadarai ɗaruruwa ne a ciki ba ki san sunan ko ɗaya ba. Rariya ce, tana ware miki abin da za ki sa wa ido, ba hatimin lafiya ba ce.

Akwai wata hanya da take tafiya tare da wannan wadda ni a ganina ita ce ta fi amfani ga ƙaramin mai sana'a, amma ba a cika ambatonta ba saboda ba ta da na'ura mai ƙyalli. Ita ce ki ɗauka mafi muni ya faru ki ga ko duk da haka kina cikin aminci. Kwamitin masana na Tarayyar Turai mai duba kayan kwalliya, SCCS, ya ce idan babu awo to a ɗauka rabin abin da aka shafa ya shiga jiki, kashi 50 cikin ɗari. Sun kuma ba da adadin da ake ɗauka mutum yana shafawa a yini: man jiki giram 7.82, kirem na fuska giram 1.54, nauyin mutum kilo 60. Abin da ake wankewa nan take irin sabulun ruwa da shamfu ana ɗauka kashi 1 cikin ɗari ne kawai ke zama a jiki, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa mai sabulu ta fi mai man jiki samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yi. A ce kin sa wani sinadari rabin kashi ɗaya cikin ɗari a man jiki. A cikin giram 7.82 kenan akwai miligiram 39. Rabinsa 19.5. Ki raba da kilo 60, ya ba da kusan miligiram 0.33 a kowane kilo a yini. Sai ki nemo adadin da aka tabbatar ba ya cutarwa a binciken da aka riga aka yi, shi ma miligiram a kowane kilo a yini, ki raba shi da 0.33 ɗin. Idan amsar ta kai 100 ko ta wuce an yarda akwai tazara. Misali kawai nake bayarwa: in adadin 50 ne kin samu wajen 150, kin wuce, ba ki buƙatar kashe ko dala a labo. In kuwa 20 ne kin samu wajen 60, kin faɗi, kuma a nan zaɓi biyu gare ki, ko ki rage sinadarin ko ki biya a auna ainihin abin da ke shiga, in aka tarar kashi 10 ne ba 50 ba sai lambarki ta haura 300. Kin ga kenan wannan lissafin shi ke gaya miki ko labo ya zama dole. Sai dai kar a ɗauki 50 ɗin nan kamar aya. Phénoxyéthanol, maganin fumfunar da ƙanwata ke amfani da shi, wanda Turai ta yarda da shi har kashi 1 cikin ɗari, da aka auna shi a kayan da ba a wankewa wajen kashi uku cikin huɗu yake shiga. Ƙarami ne, nauyinsa 138, log P ɗinsa ɗan sama da 1, daidai irin wanda na ce a kula da shi. Dan haka ni in lissafin Potts da Guy ya nuna min abu mai sauri ne, da kashi 100 nake yin lissafin ba 50 ba, in ya wuce a haka hankalina ya kwanta.

Yanzu labo, inda gani ya kori ji. Na'urar da ake amfani da ita ana kiranta da sunan Thomas Franz wanda ya bayyana ta a 1975, kuma in kin gan ta sai ki yi mamakin sauƙinta: ƴar kwalba ce mai hawa biyu, kamar an kifa ƙaramin kofin shayi a kan wani, an shimfiɗa yankin fata a tsakani an matse. A sama a shafa kirem ɗin siriri, miligiram 2 zuwa 5 a kowane santimita murabba'i, kamar dai yadda mutum zai shafa. A ƙasa akwai ruwa da ke tsayawa a madadin jini, da ɗan maganaɗisu yana juya shi, ana riƙe fatar a zafin digiri 32. Sai a riƙa ɗiban ruwan ƙasan lokaci-lokaci har awa 24 ana aunawa. A ƙarshe a wanke saman, a ɓare ɓawon da salatif hawa-hawa, a auna abin da ya tsaya a kowane wuri, kuma dole in an tara duka ya dawo kusan abin da aka zuba tun farko, tsakanin kashi 85 da 115, in ba haka ba wani abu ya ɓace kuma awon bai inganta ba. Ƙa'idar duniya ta wannan aiki ita ce ta OECD, wata ƙungiyar haɗin kan ƙasashe, mai lamba 428 ta shekarar 2004. SCCS kuma tana neman aƙalla yankin fata 8 daga mutum 4 daban-daban, saboda fatar wani ba ta wani ba ce, kuma ba matsakaicin sakamako kaɗai suke ɗauka ba, sai sun ɗan ƙara a kai dan kariya.

Wannan ce kawai hanyar da ke gwada kayanki yadda suke, da turarenki da kakinki da komai. In kika canza haɗin kuma sakamakon zai iya canzawa, wannan ma a sani kafin a biya. Kwalbar ba ita ce mai tsada ba, tsadar tana wajen na'urar da za ta gano ɗan mitsitsin sinadari a cikin ruwan, da ƙwararren da zai tafiyar da ita, da kuran da ba zai ɗauke ba na awa 24, kun dai san halin da muke ciki da wuta a watan Afrilu. In a labon da hukumomin waje suka amince da shi za a yi, maganar miliyoyin sefa ake a kan sinadari ɗaya. Sai kuma maganar fatar kanta. Wadda ta fi ita ce ta mutum, ragowar da ake cirewa a tiyata da izinin mai ita. Mai bi mata ita ce ta alade, musamman ta kunne, dan ita ta fi kama da tamu wajen kauri da yawan gashi, kuma wannan abu ne da ba a samu a mahautarmu, da yawanmu ma ransu ba zai kwanta da shi ba, gara mutum ya sani tun wuri ya tambayi labon wace fata za su sa. Wani ɗalibina ya ce malam ga fatar akuya burjik a majema me zai hana? Na ce ɗanyarta za ta iya taimaka wa ɗalibi ya kwatanta haɗi biyu ya ga wanne ya fi sakin sinadari, amma ba wanda zai karɓi lambar a matsayin ta mutum, jemammiya kuwa ta riga ta tashi daga fata mai ɓawo, toka da bagaruwa sun gama da katangar.

Akwai kuma fatar da ake shukawa a labo daga ƙwayoyin mutum, irin su EpiSkin da EpiDerm, da wata ledar roba mai suna Strat-M da aka ƙera ta kwaikwayi fata. Mutane suna ruɗewa a nan. Fatar shukar an amince da ita wajen gwada ko abu yana ƙona fata ko yana sa ta ja, amma katangarta ta fi tamu rauni, abu ya fi saurin wuce ta, dan haka ba a karɓarta a matsayin hujjar adadin da ke shiga jini. Duka biyun na tacewa ne kafin babban awo.

Gwaji a kan dabba mai rai ba zan daɗe a kansa ba. Yana nan a ƙa'ida mai lamba 427, galibi da ɓera, amma fatar ɓera ta fi tamu barin abu ya wuce, kuma Turai ta rufe ƙofar: ta hana gwada gamammen kayan kwalliya a dabba a 2004, ta hana na sinadaran a 2009, daga 11 ga Maris 2013 kuma ba a sayar da kayan da aka yi wa sabon gwajin dabba dan kwalliya. In can kike son kai kaya, wannan hanyar ɓata miki takarda za ta yi.

Sai jikin mutum, wanda a nan ne maganar ƙanwata ta "na shafa Inna ta shafa" take. Gwaji na gaske a jikin mutum yana nufin a shafa sannan a ɗebi jini ko fitsari a auna, ƙarƙashin likitoci da izinin kwamitin ɗa'a, kuma ba a fara shi sai an riga an san sinadarin ba mai haɗari ba ne. A 2019 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta yi haka da man kare rana a jikin mutum 24, sai ga sinadarai huɗu da aka daɗe ana shafawa sun bayyana a jini sama da iyakar da hukumar ta sa na a ƙara bincike. Hakan bai ce suna cutarwa ba, amma ya nuna shekaru ana zaton abu yana tsayawa a sama ashe yana shiga. Shi kuwa ɗan shafawa a cikin hannu a jira kwana biyu, a ci gaba da yi, yana da amfani wajen kama abin da ke sa ƙaiƙayi, sai dai ba ya gaya miki komai game da jini. Kuma wurin ma da ake gwadawa yana yaudara. Tun 1967 Feldmann da Maibach suka shafa maganin idrokortizon a sassan jiki daban-daban: in abin da ya shiga ta damtsen ƙasa 1 ne, ta tafin ƙafa bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na haka ba, ta hammata ya ninka sau uku da rabi, ta goshi sau 6, ta muƙamuƙi sau 13, ta fatar maraina sau 42. Ki gwada a hannu, a je a shafa a fuska da hammata da ƙugun jariri.

To ga abin da ya fi tsaya min a rai, wanda ba ko ɗaya cikin hanyoyin nan da ya lissafa mana shi. Dukkansu lafiyayyar fata suke ɗauka, a buɗe, a zafin digiri 32. Mu kuwa fa? A bazara zafin garin nan yana haura 40, jini yana yawaita a fata, gumi yana jiƙa ɓawon ya kumbura, kuma an san zafi yana ƙara shigar magani har ana gargaɗin masu manna filastar maganin ciwo kar su kusanci zafi. A hunturu fata tana tsagewa, kaushi da faso ƙofa ce a buɗe. Amarya an yi mata dilka da halawa kwana da kwanaki, an goge wani ɓangare na tubalin nan da na faɗa, sannan a bi da haɗin mai, wani lokaci har a naɗe da leda a zauna a kan turaren wuta. Rufe fata da leda yana ninka abin da ke shiga, likitocin fata da gangan suke yin haka in suna son magani ya ratsa. Kuma giram 7.82 ɗin nan daga al'adar shafawar mutanen Turai aka samo shi, mace a Damagaram a tsakiyar hunturu tana iya shafa mai safe da rana da dare, daga fuska har tafin ƙafa. Dan haka in lissafinki ya ba da 105 kar ki ce na wuce, a wurinmu wannan ba tazara ba ce. Ni sai na ga lambar ta ninka ɗarin sau biyu ko uku nake sakin jiki, wannan ra'ayina ne ba dokar kowa ba, amma a kansa nake.

Akwai kuma kayan da ba sa buƙatar kowane awo dan an riga an gama magana a kansu. Idrokinon Turai ta fitar da shi daga mayukan haske tun 2001, shi ne ke barin baƙin tabon nan mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ba ya goguwa. Klobetazol na ƴan tub ɗin nan da ake matsawa cikin haɗi maganin likita ne mai ƙarfi, yana sirantar da fata ya kawo nankarwa, in ya shiga jini da yawa yana taɓa hawan jini da suga, kuma da yake yana cinye katangar yana buɗe wa duk sauran abin da ke cikin haɗin hanya. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiya, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata ta hana ta a kayan shafa. Baƙin lalle mai kamawa cikin minti kaɗan galibi PPD ne a ciki, na rinin gashi, ba a yarda a ɗora shi a fata ba. Ko jan lallenmu na gargajiya an samu jarirai masu ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini da wasu ake haifa da ƙarancinsa, da jininsu ya farfashe bayan an shafe musu jiki da shi, a bar jarirai da lalle dan Allah. Kwalli mai dalma kuma labarinsa daban, ba ta fata ya fi bi ba, ta hawaye da hannun da yaro ke murza ido ya kai baki yake shiga, lissafin fata zai ce miki ba komai alhali akwai. Haɗin da aka sayo a roba ba suna ba takarda, shi kam ba kwamfuta ba labo mai araha da zai cece ki, dan kowace hanya da sunan sinadari take farawa.

In na tattara wa mai zaɓi: wadda ke sabulu da man kaɗe zalla da kaki, tana amfani da sanannun abubuwa a cikin iyakar da aka riga aka amince, ba ta buƙatar labon fata, abin da take buƙata sikeli mai auna giram daidai, littafin rubuta kowane haɗi, da takardar bayanin kowane sinadari daga wanda ya sayar mata. Wadda ke kirem mai zama a jiki da turare da maganin fumfuna ta yi lissafin nan biyu, na sauri da na tazara, ko ta kai wa mai farmasi ko malamin kimiyya ya yi mata, aikin yini ɗaya ne. Wadda ta fito da sabon abu daga tsiro tana cewa yana gyara fata, tana kuma son kai shi waje, ko kayan na jarirai ne ko na masu ciki kuma lissafi ya tsaya a bakin iyaka, ita ce ya kamata ta nemi kwalbar Franz, kuma zai fi sauƙi in ƙungiyar mata ce ta haɗa kuɗi a kan haɗi ɗaya da duka za su riƙa bi. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Zinder masu neman abin rubuta kundin ƙarshe, ga aiki nan a ƙofar gida, ko kwatanta yadda man kaɗe da man aduwa da man riɗi ke sakin kafeyin ta cikin leda irin Strat-M a zafin 32 da na 40 aka yi an ƙaru.

Ita ƙanwar tawa mun bi kayanta ɗaya bayan ɗaya, sinadarai goma sha ɗaya. Takwas sun wuce ba gardama. Maganin fumfunar tana zuba shi da murfin kwalba ne ba awo, da muka ɗora a sikeli ashe ya haura kashi 1 ɗin, muka mayar da shi ƙasa da haka. Kalar da take sawa babu takarda, ta daina. Turaren ne ya tsaya mana, mai sayarwa ya kasa faɗin abin da ke ciki, ta ce "Yaya ai ƙamshin nan shi ke sayar min da kaya", na ce na sani, amma ki cire shi daga man jarirai tukuna, na manya kuma ki rage har mu samu wanda ke da takarda. Ta yi jim sannan ta ɗauko littafinta ta soke layin da biro. Man jariran yanzu man kaɗe ne da kaki kawai, ba ruwa a ciki balle ya nemi maganin fumfuna, kuma takardun da matar Faransa ta nema suna hannun wani mai farmasi yana dubawa kafin a aika wa wanda zai sa hannu a can.